Wandon Zalɓe

Yayana Alhaji Tanimu tela ya ɗinka wa ɗana wando ɗangalalle, sannan ranar bikin 'yarsa ya tsaya a ƙofar gida, a gaban baƙi, ya yi wa yaron dariya. Abin da ya yi mini ke nan ina yaro, shi ya maimaita a kan ɗana, da almakashi ɗaya da baki ɗaya. Ba zan tsaya kwana-kwana ba, don ni ban yi bokon da zan iya lulluɓe magana ba. A aji biyu na sakandare na tsaya, kuma wando ne ya tsayar da ni. Wanda ya ji haka ya ga abin dariya ne, ya yi abarsa, an riga shi.

Gidanmu yana Ƙofar Kibo a birnin Zariya, cikin irin lungun nan da in kana tafe da akuya sai ɗayanku ya shiga gaba ɗaya ya bi baya. Mahaifinmu tela ne. Ya rasu ban gama riƙe kamanninsa ba, ya bar keken ɗinki a zaure, Yaya Tanimu ya hau kai, don shi ne babba, ya ba ni shekara goma. Daga wannan keken ake cin tuwo a gidan. Da shi kuma ake yi wa duk yaran gida kayan Sallah, mu da 'ya'yan baffanninmu, yadi ɗaya, ɗinki ɗaya, in mun jeru za mu idi kamar daga kwano guda aka juye mu.

Sai ni. Ni Allah ya yi ni dogo, siriri. Ina ɗan shekara goma na kamo 'yan sha biyar a tsawo, a ƙugu kuwa ɗan shekara bakwai ya fi ni cika. Yaya shi gajere ne kakkaura, tun ban kai ko'ina ba na fara ganin tsakiyar hularsa daga sama. Shi ya raɗa mini Gwangwala, doguwar sandar nan da ake zungurar mangwaro da ita. Sunan ya bi ni har masallaci. Akwai mutanen unguwarmu da har gobe ba su san sunana Haruna ba.

Yaya yana da yadda yake aikinsa. In mai ɗinki ya zo daga waje, zai zare tef daga wuya ya auna shi, kafaɗa, hannu, ƙugu, har ƙasa. Amma yaran gida ba ya auna su. Tambaya ɗaya ce: "Kai, shekararka nawa?" In ka ce goma, sai ya ninke yadi, ya shata da alli, ya yanke na 'yan goma duka a tare. Ga sauran yara abin yakan zo daidai, ko kusa da daidai. Ni kuwa hannun riga ya tsaya mini kusa da gwiwar hannu, wando ya tsaya a tsakiyar ƙwauri ya bar wa sauro sauran.

Inna, mahaifiyarmu, ta yi iya yinta. Ta sha aikawa a dubo mini gwanjo a kasuwa. Amma duk wandon da ya kai mini idon sawu na ƙato ne, in na shiga akwai sauran wurin mutum guda a ciki. Sai ta zura masa zariya, in ja, in ja, har ya tattare a ƙuguna kamar bakin buhun gero. Yara suka samu na yi, suna cewa ga ɗan Zariya wanda zariya ce kaɗai ke riƙe da shi. Wanda ya kama ƙugu ba ya kaiwa ƙasa, wanda ya kai ƙasa ba ya kama ƙugu. Haka na taso, tsakanin buhu da ɗangalalle.

Wuri ɗaya ne a gidan nan tsawona bai dami kowa ba, shi ne gindin murhun Iya.

Iya kakarmu ce ta wajen uba. 'Yar ƙaramar tsohuwa, haƙoranta sun rine da goro, zanenta kullum yana ƙamshin hayaƙi da man kaɗanya. In an gama tuwon dare an yi isha'i, ba ta bari a kashe wuta. Sai ta jawo kujerarta 'yar tsugunno, ta tona garwashi, ta binne gyaɗa ko dankali a toka, mu kuma mu kewaye ta a kan tabarma. A zaune duk tsawonmu ɗaya, don ni nakan naɗe ƙafafuna a ƙarƙashina kamar raƙumi ya gurfana. Ba ta taɓa ce mini Gwangwala ba. Maigidana take ce mini, irin wasan kaka da jika. "Maigidana, matso kusa. Mijin da zai sauko mini da ƙwarya daga kan rumfa ba tare da tsani ba, ina zan bar shi ya tafi?" Sauran su yi ta ƙorafi, ta ce su je su yi tsawo tukuna su dawo neman aure.

Ta iya tatsuniya. Ba labarin kaɗai ba, muryoyin. In kura ce ke magana sai ƙananan cikinmu su shige bayan manya. In ta zo wurin waƙa ta ajiye abin da ke hannunta ta tafa, mu amsa. Wani lokaci ta tsaya a tsakiyar magana ta tono gyaɗa ta raba, ta bar mu da baki buɗe, sai mun roƙa ta ci gaba. Ban taɓa zama wurin da raina ya kwanta kamar nan ba, kuma na zauna wurare.

Murhun yana jikin bangon zaure. Tsakaninmu da Yaya ba komai sai katangar ƙasa da asabarin da ke rataye a ƙofa. In azumi ya yi nisa, ɗinkin Sallah ya taru, muna jin kekensa yana ta gudu har mu tashi. Muryar Iya da ƙarar keken Yaya tare suke a kunnena. Har yau in na ji ɗaya sai ɗayar ta faɗo mini.

Wata shekara, tun ranar da aka sayo yadin Sallah, Iya ta ɗaga asabari ta ce, "Tanimu, na Haruna ka bar masa kalmasa mai faɗi." Duk tela mai tausayi ya san wannan. In zai ninke bakin ƙafar wandon yaro sai ya ɓoye yadi a ciki, kamar faɗin tafin hannu, in yaro ya ƙara tsawo a warware a saki. Yaya ya ce to.

Da aka gama ɗinkin, bayan an sha ruwa, kowa ya gwada nasa a tsakar gida. Na zura nawa. Yaya yana tsaye bakin asabari da zare a baki. Ya dube ni daga ƙasa zuwa sama ya ce, "Gwangwala, rafi za ka tsallaka ne ka tattare wando haka?" Gida ya ɗauka da dariya. Iya ba ta yi ba. Ta ce in cire in kawo mata. Ta juya ƙafar wandon a hasken wuta, ta bi bakin da babban yatsa. Ba komai a ciki, ninkin bai kai faɗin farce ba. Ta ce, ba da ƙarfi ba, "Tanimu, ina kalmasar?"

Daga zaure ya ce, "Iya, ɓarnar yadi ce. Ƙafarsa ce ta yi yawa." Keke ya ci gaba.

Ta ɗora wandon a cinyarta. Can ta ce, "Ku matsa, ga wata nan tafe da tsohuwar ƙafa." Haka take buɗe tatsuniyarta. Muka ce, "Ta shigo, akwai wuri."

Ta ce wai a da can tsuntsaye ba su da tufafi. Sai aka sa ranar wasa, aka ce kowa ya fito da sutura iri ɗaya. Aka sayo yadi aka kai wa bushiya, don ita ce mai allura a duk dajin, a bayanta ma take yawo da su. Kurciya ta zo, bushiya ta dube ta ta yanka. Zabo ya zo, ta dube shi ta yanka. Makwarwa haka, kaza haka. Duk kusan kansu ɗaya da ita, daga inda take tsaye tana ganin farkonsu da ƙarshensu. Sai ga zalɓe. Bushiya ta ɗaga kai, ta ƙara ɗagawa, har ta kusa faɗuwa da baya, ba ta ga inda ƙafarsa ta ƙare ba. In za ta auna shi, sai ta hau turmi, ta kuma sauko ta kwanta a ƙasa. Ta waiwaya ta ga tsuntsaye na kallo. A nan Iya ta tsuke baki ta yi muryar bushiya, ta hanci: "Ni? In hau turmi saboda ɗan tsuntsu? Ai tsuntsu tsuntsu ne." Ta yanka masa daidai na zabo.

Ranar karɓa zalɓe ya sa nasa, ya tsaya masa a cinya. Ya sunkuyar da dogon wuyansa ya ce, "Gwaggo bushiya, bai kai ba." Ta ce, "Wandona lafiyarsa ƙalau. Ƙafarka ce ta yi yawa." Ta miƙe allurorinta. Ya fita.

Ranar wasa ya kama hanya. Yana jin kiɗa, yana hango taro, kowa cikin sabon kaya. Hankaka ne ya fara ganinsa daga kan bishiya, ya buɗe wannan mummunan bakin nasa. Zalɓe bai ƙarasa ba. Ya ratse, ya gangara fadama, ya shiga ruwa har daidai inda wandon ya tsaya. In ka hango shi daga nesa, tsaf, sai ka rantse wandon ya kai ƙasa. Masu wucewa suka ce, "Zalɓe, ba ka zuwa wasa?" Ya ce, "Ku je, kifi nake kamawa." Aka yi wasa aka watse. Shekara ta kewayo aka sake, ya ce kifi yake kamawa. Tun yana faɗa don a ƙyale shi har ya iya kamun da gaske, ya fi kowa iyawa. "Ku je fadama gobe ku gani," in ji Iya, "yana nan tsaye. In sanyi ya ishi ƙafa ɗaya ya ɗaga ta ya ɓoye a ciki. Ku tambaye shi, kifi zai ce muku."

Yara suka juyo suna kallona suna ƙunshe dariya, don kowa ya gane wane ne zalɓen. Bushiyar ma an gane ta, ba dai mai bakin faɗa. Sai a lokacin na lura tun da Iya ta fara muryar bushiya keke ya tsaya. Zaure tsit.

Na ce, "Iya, me ya sa bai tsaya sai ta sake masa ba?"

Ta dube ni. Ta ce, "Shi kaɗai ya je, maigidana. Ba shi da wanda zai raka shi." Sannan ta ɗan ɗaga murya wajen bango ta ce, "Ta tafi da tsohuwar ƙafarta. Wanda ya ji nasa a ciki ya ɗauka."

Keke ya tashi, da ƙarfi fiye da ɗazu.

Ba wanda ya ɗauki komai. Washegari Iya ta yago bakin wani zanenta, ta zauna da allura ta ƙara wa wandon tsawo da hannunta, tana kusanto da shi ido don ganinta ya fara rauni. Da zuciya ɗaya ta yi. Amma wando ruwan toka ne, ƙarin kuma shuɗi. Na fita ƙofar gida da safen Sallah, wani yaro ya ce, "Kai, ku zo ku ga wando mai bene!" Ban je idi ba. Na zagaya na hau tsohuwar ganuwa na zauna har aka sauko. Da aka tambaye ni na ce cikina ne ke ciwo.

Daga nan na koyi dabaru. Na koyi sassauta zariya in sauke wando ƙasa da ƙugu, in ja riga ta rufe. Na koyi tsayuwa da gwiwa a ɗan lanƙwashe. Na koyi ranƙwafa kafaɗa. A masallaci ina neman ƙarshen sahu, jikin bango. Da na shiga sakandare abin ya ƙaru, don farin wandon makaranta ba ya ɓoye komai, kuma Yaya ne ya ɗinka, da tambayar tasa. Kullum da safe a jera mu a fili, ni ne a bayan layi, ni kowa ke gani. Wani malami ya taɓa fito da ni gaba ya ce da ɗalibai su dubi wanda ya ari wandon ƙanensa. Ban riƙe malamin a rai ba, shi abin da ya gani ya faɗa. Na fara makara don a gama jeruwa. Daga makara na koma fashi. Daga fashi na haɗu da wani mai fenti da yake aiki a wajen unguwar Kongo, ya dube ni ya ce, "Kai ai ba ka buƙatar tsani." Shi ne mutum na farko, bayan Iya, da ya ga amfani a tsawona. Na bi shi. Mai fenti tsumma yake sawa, ba wanda ke duba inda wandonsa ya tsaya. In an ce, "Haruna, ina makaranta?" sai in ce sana'a nake koyo.

Na iya fenti, na fi da yawa iyawa. Da shi na yi aure, da shi nake ci da iyalina. Iya ta rasu ina saurayi, Allah ya jiƙanta ya haskaka kabarinta. Shekara da shekaru in na tuna tatsuniyar nan, abin da nake ɗauka a ciki shi ne haƙuri. Ina cewa ai Iya nuna mini take yi, in an hana ka wasa ka nemi kifi, ga shi zalɓe bai mutu da yunwa ba. Har ina jin daɗin fassarar, don ta dace da ni, kuma ba ta sa ni faɗa da kowa ba. Ina gaida Yaya a durƙushe kamar yadda aka koya mana. Ya je Makka, ya tashi daga zaure ya kama shago a bakin titi, ya cika shi da kekuna masu wuta. Yana ce mini Gwangwala a gaban matata, ina amsawa.

Sai Allah ya ba ni Idrisu. Ni ne sak, har yadda idon sawunsa ya fito. Shekararsa sha biyu, ya kai mini kafaɗa, ƙugunsa kuwa ina iya zagaye shi da hannu ɗaya. Yanzu an ce zamani ya canza, shaguna cike da kayan yara ɗinkakku, amma a wuyan kowace riga shekara aka rubuta. Tambayar Yaya ce dai, an buga ta da inji. Na 'yan sha biyu ya tsaya masa a ƙwauri, na 'yan sha shida ya zube ƙasa in ya yi tari. Mun sha yawon kasuwa ni da shi mu dawo hannu rabbana. Daga baya na daina. Nakan sayi yadi in kai wa wani tsohon tela a Wusasa, ya auna shi, ya bar kalmasa. Yaron bai san akwai wani abu a jikinsa ba. Yana tafiya a miƙe. Yana da baki, yana da karatu, a Islamiyya shi aka zaɓa zai tsaya ya yi karatu ranar saukarsu. Ni da ban taɓa tsayuwa gaban mutane ba, in na tuna sai in rasa inda zan sa kaina don daɗi.

Da bikin 'yar Yaya ya taso aka fitar da anko, shadda ɗaya ga duk yaran dangi, kuma uban amarya ne zai ɗinka. Ba yadda za a yi in ɗauki na ɗana in kai wani wuri, sai a ce na raba zumunci. Na nemo irin shaddar na ƙaro, na kai masa da hannuna. Na ce, "Yaya, ga ƙari saboda Idrisu. Don Allah a auna shi, a bar masa kalmasa."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Shekararsa nawa?"

Na ce, "Sha biyu, amma..."

Ya ce, "Gwangwala, ni za ka koya wa ɗinki? Je ka ka shafa fentinka."

Sai da safen ɗaurin aure aka aiko da kayan. Yaron ya sa, ya dubi ƙafarsa, ya dube ni. Ba lokacin yin komai. Na ce ya daure, yini ɗaya ne. Muka je. Ƙofar gida cike, an shimfiɗa tabarmi, manyan mutane zaune. Yaya cikin babbar riga yana karɓar gaisuwa. Idrisu ya je ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙe. Yaya ya ja baya ya dube shi daga ƙasa zuwa sama, kallon da na sani. Ya ce, "A'a, Gwangwala ƙarami! Kai ma rafin za ka tsallaka?" Ya juya wajen baƙi ya ce, "Gadon ubansa ne." Aka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce ga yawancinsu, dariyar taya mai gida ce. Amma yaro ba ya bambancewa. Kafin a shafa fatiha na neme shi na rasa. A gida na same shi, ya cire kayan ya cusa ƙarƙashin katifa.

Na ce zai wuce. Bai wuce ba. Yaran dangi sun kai sunan Islamiyya. Bayan 'yan kwanaki na fito da safe na gan shi tsaye bakin famfo, ya sauke wandonsa ƙasa da ƙugu, ya ja riga ya rufe. Kuma wandon nan na telan Wusasa ne, wanda ya kai masa ƙasa lafiya lau. Gwiwarsa a lanƙwashe, kafaɗa a ranƙwafe. Ba wanda ya koya masa. Da yamma uwarsa ta gaya mini ya ce da malaminsu a ba wani karatun sauka, shi maƙogwaronsa na ciwo.

Bayan magariba na kira shi muka zauna a tsakar gida. Ba murhu yanzu, da gas ake girki, amma na sa aka kawo gyaɗa. Na ce, "Idi, abin da Baffanka ya yi bai kyauta ba."

Ya ce, "Baba, ba laifin Baffa ba ne. Ƙafata ce ta yi yawa."

Ban san sadda gyaɗar ta zube daga hannuna ba. Ban taɓa gaya masa maganar nan ba. Ni ba mai iya lallashi ba ne, sai na ce bari in ba shi tatsuniyar kakata. Na ba shi yadda na iya, ba murya, ba waƙa. Nufina in kai shi wurin kifin, in ce ka ga, haƙuri. Na kai zalɓe cikin ruwa, na buɗe baki zan ɗora fassarata, yaron ya riga ni. Ya ce, "Baba, shi zalɓen ba shi da uba ne?"

Amsar Iya ta dawo mini kamar yanzu ta faɗe ta, har da yadda ta dube ni. Shi kaɗai ya je. Ba shi da wanda zai raka shi.

Shekara talatin da wani abu ina ɗauke da tatsuniyar nan a juye. Iya ba ta taɓa cewa zalɓe ya yi daidai ba. Ba ta ce kifi ya biya shi wasa ba. Ba ta ambaci haƙuri ba ko sau ɗaya, ni na sa shi a ciki. Abin da ta faɗa shi ne abin da ya rasa. Tsohuwa ce da ke cin tuwo daga keken jikanta, ba ta da ƙafar da za ta shiga zaure gaban masu ɗinki ta ce sai an sake. Inna ma haka. Uban da zai kama hannuna yana kabari. Sai ta yi abin da take iyawa, ta aika magana ta cikin bango, ta kuma yage zanenta. Ni ta ba ni dalilin, ta bar shi a ninke, kamar yadin da ake ɓoyewa a kalmasa, sai na yi tsawon da za a warware. Na yi tsawon tun tuni. Warwarewar ce ban yi ba, sai da ɗan shekara sha biyu ya sa mini reza.

Washegari bayan la'asar na ce ya ɗauko wandon ankon. Ya ce ina za mu. Na ce raka shi zan yi. Na kama hannunsa, muka bi ta lungu muka fita titi, yana ta ja da baya ina riƙe.

Shagon cike yake, kekuna na gudu, masu jiran ɗinki a kan benci. Ban ga Yaya ba da farko. Sai na dubi ƙasa. Yana nan durƙushe, gwiwa ɗaya a kan siminti, tef a hannu, yana auna ƙafar ɗan wani alhaji da ya faka mota a waje, yaron da bai wuce shekara shida ba. Yana ce masa, "Tsaya daidai, ranka ya daɗe, saura kaɗan." Na tsaya ina kallo. Ashe bayansa yana sunkuyawa. Ashe gwiwar tana kaiwa ƙasa.

Ya ɗago ya gan mu, ya dafa benci ya miƙe. Ya ce, "A'a, Gwangwala da ƙaraminsa. Lafiya?"

Ban durƙusa ba. Ban taɓa tsayawa a gabansa da tsawona duka ba sai ranar, sai da ya ɗaga kai kafin ya ga fuskata. Kekuna suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Na shimfiɗa wandon a kan teburin yanka, na jawo Idrisu gabana, na dafa kafaɗunsa na miƙar da su. Na ce:

"Yaya, sunana Haruna, wannan kuma Idrisu. Ni ka yanka mini nawa ba ni da mai raka ni, na shiga ruwa, har yau ban fito ba. Wannan yana da uba. Jiya ya ce mini ƙafarsa ce ta yi yawa. Ƙafarsa ba ta yi yawa ba, wanda ya yi ta ya auna. Kai ne ba ka auna ba. Ga tef nan a hannunka, ga yaro, ga ƙasa, kuma yanzu na ga ka san hanyarta. In za ka durƙusa, bismillah, ka bar masa kalmasar da Iya ta ce ka bari. In ba za ka iya ba, ba dole. Amma ka dube shi ka faɗa masa da bakinka, a gaban mutanen nan, cewa gwiwarka ce ta ƙi, ba ƙafarsa ba."